Masu Dasa Ɗaki a Bakin Kwata, Da Ku Muke

 Hausawa na cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. To mu ba zagi muka zo yi ba, kuma ba za mu ɓoye waɗanda muke magana da su ba. Da masu gidajen haya muke, waɗanda suka mai da kowane taku na tsakar gida ɗakin haya. Da dillalan gidaje muke, waɗanda yaranmu ke kira ejan. Da kuma sababbin 'yan kasuwar nan muke, masu tallar kwantena a waya suna ce wa samarinmu ga gida mai araha, ka biya yau ka tare gobe. Mafi yawansu 'yan uwanmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa da su, shi ya sa ma maganar ta zama dole. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Duk wanda ya daɗe a Agege ya san yadda gidajenmu suke a da. Zaure a gaba, dogon soro a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna, sannan a baya ga fili inda mata ke girki da shanya, ga rijiya, ga banɗaki can a kusurwa. Iyayenmu da suka biyo layin dogo saboda cinikin goro haka suka gina, suka bar wa iska hanya, suka bar wa ruwa hanya. Yau ka shiga wasu daga cikin gidajen nan ka gani. Zauren ya zama shago biyu. Wurin shanyar ya zama ɗaki uku na falanki da langa-langa. An rufe kan kwata da katako an ɗora wani ɗakin. Lungun da a da amalanke ke wucewa, yanzu in an yi rasuwa sai an karkata makara kafin a fita da ita. Wanda ya ce ƙarya muke, ya fito ya faɗa a gaban jama'a.

Kada wani ya juya mana magana: ba mu ce ƙaramin ɗaki laifi ne ba. Yawancinmu a ɗaki ɗaya muka yi aure, a ciki muka haifi 'ya'yan fari. Yaron da ya zo daga Arewa yana sayar da albasa, ko yana aiki a mayankar Oko-Oba, ko yana gadi a Ikeja, dole ya samu inda zai sa haƙarƙarinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya hana mutane zama nesa da wurin nemansu. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da dama. Gwamnatin Legas ta sa mafi ƙarancin albashi naira 85,000 a ƙarshen 2024, kuma wannan ma na mai aikin albashi ne, ɗan tireda da mai turin baro ba su cikin lissafin. Don haka buƙatar ƙaramin muhalli gaskiya ce. Abin da muke faɗa a kai abu uku ne: a ina aka dasa ɗakin, da izinin wa, kuma nawa aka tatsi talaka a kai.

Masu tallar kwantena sun iya baki. Za su nuna maka bidiyon wani Bature a Amurka yana zagaya ɗan gidansa mai kamar akwati, ga gado a sama, ga kicin a ƙasa, su ce ka ga ai har Turawa sun koma haka. Rabin labarin suke ba ka. A can ɗin, faɗan da aka yi shekaru ana yi a kan dokar wuri ne. Garuruwa da yawa na gefen manyan birane suna da dokar da ta ce a fuloti ɗaya gida ɗaya, kuma kada girman gidan ya gaza kaza. Mutum zai sayi ɗan gidansa mai taya, ya rasa inda doka ta yarda ya ajiye shi. Sai da mazauna suka yi ta zuwa zaman majalisun garuruwansu kafin abubuwa su sauya. Birnin Fresno na jihar Kalifoniya ya yarda a 2016 a riƙa ajiye irin waɗannan gidaje a bayan gida a zauna a ciki. A 2018 aka shigar da babi na musamman cikin kundin ƙa'idojin gini da yawancin jihohinsu ke bi, wanda ya ce ƙaramin gida shi ne wanda bai wuce ƙafa 400 murabba'i ba, ya kuma tsara tsayin rufi, da matakala, da ƙofar tsira idan gobara ta tashi. Wato su da suka fi mu kuɗi, sai da suka nemi izini, suka haɗa ruwa da masai da wuta bisa ƙa'ida. Mu kuma ana so a sayar mana da akwatin kawai, a bar mu da katafila.

Mu duba akwatin kansa. Ƙaramar kwantena tsawonta ƙafa 20 ne, faɗinta ƙafa 8, wato ƙafa 160 murabba'i, ko rabin abin da Amurkawan ke kira ƙaramin gida ba ta kai ba. A nan kuma sai a raba ta biyu a zuba mutum huɗu-huɗu. Ƙarfe ce zalla. A watan Maris da rana tanda ce, da damina kuma gumi take yi ta ciki har tabarma ta yi funfuna. Kafin ta zaunu sai an yanka taga, an yi mata sili da rufin kwano a sama, an ɗora ta a kan bulo, an biya motar da ke da ƙugiyar ɗagawa, an biya mai fili kuɗin ƙasa duk shekara. Mai talla ba ya sa waɗannan a lissafi. In ka tambaye shi banɗaki fa, sai ya ce ai akwai na masallaci. In ka ce idan aka zo rusau fa, sai ya ce ai abin ɗauka ne, sai ka ɗauke kayarka. Da me za ka ɗauke? Ka kai ta ina? Wace katafila ce ta taɓa tsayawa jiran mutum ya je neman motar ɗagawa? Araha dai ba ta ado.

Sai maganar wuri, wadda ita ce mai cin rai. Wuraren da ake samun fili kyauta-kyauta a Legas sanannu ne, kuma akwai dalilin da ya sa babu kowa a kansu.

Na farko bakin kwata da bakin kanal. Waɗanda suka ga ruwan ranar 10 ga Yulin 2011 ba sa buƙatar wa'azi. Ruwa bai san rasit ba. In ka toshe masa hanya da ɗaki, zai bi ta ɗakin maƙwabcinka wanda bai ci ko kwabo cikin kuɗin hayar ba. Na biyu ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Ƙa'idar ƙasar nan ta ce layin da ke ɗauke da kilobolt 330 a bar masa mita 50, wato 25 kowane gefe, mai 132 kuma mita 30. Amma za ka ga an jera ɗakunan kwano a ƙarƙashinsu, yara na hawa rufi ɗauko ƙwallo. Na uku gefen layin dogo. Jirgin Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a 2021, Jan Layi kuma an buɗe shi a watan Fabrairun 2024, dukansu ta ƙofar gidanmu suke bi. Duk mun ga abin da ya samu rumfuna da ɗakunan da ke kan hanyar aikin. Na huɗu kan bututun mai. Abule-Egba nan ce kusa da mu: ranar 26 ga Disamban 2006 wuta ta tashi a bututun da ɓarayin mai suka fasa, mutum fiye da 200 suka ƙone. Wanda ya ba ɗan wani haya a irin waɗannan wurare ya san abin da yake yi, domin shi kansa ba ya kwana a can, kuma ba zai kai ɗansa ba.

Ko cikin gida ma akwai abin dubawa. Gidan da aka gina wa mutum 20 masai ɗaya, yanzu mutum 60 ke ciki. Ramin masai na cika, sai a haƙa wani a gefen rijiya saboda babu sauran fili. Masana lafiya na ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiyar sha. Mita nawa ce a gidanka, Alhaji? Da kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, hankalin kowa ya tashi, aka yi ta tafasa ruwa na mako biyu, sannan aka koma gidan jiya. Ga tukunyar gas a cikin ɗakin falanki, ga janareto a bakin taga yana tura hayaƙi ciki, ga ƙofa ɗaya tal ta fita. Motar kashe gobara ko ta zo, a bakin titi za ta tsaya tana kallo.

Yanzu mu zo kan kuɗi, inda ejan ke shan romo. Mu ɗauki misali don lissafi kawai. A ce ɗakin falanki naira 250,000 ne a shekara. Sai mai gida ya ce shekara biyu yake so, 500,000 ke nan. Ejan ya ɗora kashi 10 cikin 100 nasa, ya ɗora wani kashi 10 na yarjejeniya, wai kuɗin lauya, alhali babu lauyan da ya ga takardar, a shagon kwamfuta aka buga ta. Ya zama 600,000, ban da kuɗin ajiya na ɓarna wanda ba mu cika jin an mayar wa kowa ba. Ga mai albashin 85,000, wannan albashin wata bakwai ne cur, bai ci ba bai sha ba. Kuma da yawa ba su san cewa dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya ba, kuma hukuncin wanda ya saɓa tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata uku. Dokar ta ce mai biyan shekara-shekara sai an ba shi notis na wata shida kafin a tashe shi, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. An cire Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA daga cikinta, amma Agege tana ciki. Akwai kuma hukumar LASRERA da aka kafa don rajistar dillalan gidaje. Ka tambayi ejan ɗinka lambar rajistarsa, ka ga yadda zai canza fuska.

Mun san amsoshinku, mun sha jin su a majalisa bayan la'asar.

Kuna cewa taimakon talaka kuke yi, ba don ku ba da yaran nan a ƙarƙashin gadar Pen Cinema za su kwana. To madalla. Amma taimakon da ake karɓar kuɗin shekara biyu a kansa, ranar da aka shafa jan fenti a bango kuma mai taimakon ya kashe waya, wane irin taimako ne? In da gaske ne, ku rubuta a takarda cewa idan aka rushe ɗakin za ku mayar da ragowar kuɗin haya. Wanda ya yarda ya sa hannu, mu za mu fara yi masa addu'a a bainar jama'a.

Kuna cewa mu baƙi ne, gobe za mu koma gida, me zai sa mu kashe kuɗi a takardu. Wannan goben tun zamanin kakanninmu ake jiran ta. An haife mu nan, mun aurar da 'ya'ya nan, iyayenmu na kwance a maƙabartar nan. Ana tara kuɗi a gina bene a Kano ko Katsina ko Sakkwato wanda ƙadangaru ke kwana a ciki wata goma sha ɗaya, nan kuma inda iyali ke rayuwa an bar su a akurki. Kuma wannan magana ta baƙunta makami ce da muke miƙa wa masu son a tashe mu. Duk lokacin da rikici ya tashi, a Idi-Araba a 2002, a Mile 12 a 2016, a kasuwar Sasa ta Ibadan a 2021, abin da ke biyo baya shi ne maganar a rushe, a tayar, a mayar da su wani wuri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗaki ɗaya a kan kwata ya isa a kira unguwa gaba ɗaya matattarar ƙazanta.

Kuna cewa Allah ne mai tsarewa. Haka ne, babu mai musu. Amma ko a Islamiyya an karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, maƙwabci yana da haƙƙi, kuma cutar da wani haramun ne ko da a cikin mulkinka kake. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa in aka yi jayayya kan faɗin hanya, zira'i bakwai ake bari. Sun yi magana kan harabar rijiya, da kan wanda ya juya indararonsa cikin gidan wani. Tsarin gari ba Bature ya kawo mana shi ba. Mutum ya kulle shagonsa da kwaɗo uku, ya sa maigadi, amma in aka zo kan ran ɗan haya sai ya tuna da tawakkali?

Kuna cewa gwamnati ma ba adalci take yi ba. A nan kam idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma za mu faɗa. Tarihin Legas cike yake da rusau ba tare da an tanadar wa talaka madadin ba: Maroko a Yulin 1990 zamanin Raji Rasaki, inda aka tayar da dubban ɗaruruwan mutane, Makoko a 2012, Badiya ta Gabas a 2013, Otodo-Gbame a 2016 da 2017. Dokar tsara birane ta jihar ta ce kowane gini sai da izini, LASPPPA ke ba da izinin, LASBCA ke duba aikin. Amma hanyar samun izinin an tsara ta ne da mai babban fuloti a zuciya, mai iya ɗaukar mai zanen gini da injiniya, mai takardar shaidar biyan haraji. Mai son ƙara ɗaki biyu a bayan gidan gado bai ma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Kuma izinin bai hana bene mai hawa 21 ruftawa a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamban 2021 ba. Wannan jihar ce Lateef Jakande ya mulka daga 1979 zuwa 1983 ya gina wa masu ƙaramin ƙarfi rukunin gidaje a Abesan, Iponri, Isolo da Amuwo-Odofin, har yau mutane na ciki. Abin da aka iya a wancan lokaci ba gagara ya yi ba, niyya ce ta yi ƙaranci. Sai dai duk wannan ba hujjarku ba ce. Zaluncin na sama bai halatta maka ka zalunci na ƙasa da kai ba. In katafila ta zo, kai asarar katako ka yi, ka riga ka ci ribarsa ninki-ninki. Ɗan haya shi ke tsintar tukwanensa a titi.

Ga samarinmu masu ƙoƙarin sayen rabin fuloti a Agbado, Ijoko, Sango-Ota ko Ifo don su ɗora ɗaki ɗaya su huta da haya, Allah ya yi albarka, wannan ita ce hanya. Amma ku buɗe ido. Cikakken fuloti a nan ƙafa 60 ne da 120, ku auna da kanku. Rasit ɗin da 'yan gidan masu ƙasa suka rubuta maka ba shi ne mallaka ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma sayar da fili mai takarda sai da amincewarsa. Ka ɗauki safiyo mai rajista ya zana filin, a kai zanen ofishin babban safiyo, Alausa in Legas ce, Abeokuta in Ogun ce, a duba ko gwamnati ta riga ta karɓe wurin, ko hanya ko bututu zai bi ta kai. Omo-onile na iya sayar da fili ɗaya ga mutum uku, kuma duk da Legas ta yi dokar hukunta masu ƙwacen fili a 2016, shari'a kuɗi take ci. Kuɗin safiyo da lauya na gaskiya bai kai asarar ginin da za a rushe ba. Ku sa kuɗin motar zuwa kasuwa kullum a lissafi kafin ku biya.

Abin da muke kira a yi ba mai wuya ba ne. Fadar Sarkin Hausawa ta kafa kwamiti mai magini, da safiyo, da lauya, da wakilin matasa da na mata, su zagaya lungu-lungu su rubuta ɗakunan da ke kan kwata da ƙarƙashin waya, a ba masu su wa'adi su cire da hannunsu kafin a cire musu. Limamai da masu unguwa su daina zama shaidar yarjejeniyar haya a kan ɗakin da ba su gani da idonsu ba. Duk mai ƙara ɗaki ya ƙara masai, ya bar ƙofar tsira, ya bar lungun da makara za ta wuce a miƙe. Ƙungiyoyin 'yan goro, 'yan shanu, 'yan canji da 'yan gwari su duba yiwuwar haɗa adashi a sayi babban fili mai takarda a yanka wa mambobi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan mu ɗauki takarda ɗaya da sa hannun jama'a mu kai wa kansila da ciyaman da ɗan majalisarmu na jiha: muna so a fito da izini mai sauƙi da araha na ƙaramin ɗaki, da zane guda da kowa zai bi, kuma kada a rushe wa kowa muhalli sai da notis a rubuce da wa'adin da zai isa ya kwashe iyalinsa. Muna da katin zaɓe, muna biyan kuɗin shara da na kasuwa. Amma ba za mu iya zuwa Alausa da bakin magana ba alhali kwatarmu a toshe take da ɗakunan Alhazanmu.

Damina ba ta aiko da notis. Wanda ya ji zafin wannan rubutu, shafin mujallar nan a buɗe yake, ya kawo amsarsa da sunansa, ya kuma gaya wa jama'a mita nawa ce tsakanin rijiyarsa da masansa. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya tsare unguwarmu daga gobara da ambaliya, ya rufa wa kowa asiri. Wassalam.